Lambar da Ba Ta Cikin Littafin Baba

Mahaifina bai taɓa ba mu labarin soja ba. Mun dai san ya yi, don ga tafiyarsa da ba irin ta manoma ba ce, ga kuma yadda yake naɗe tabarma kamar wani zai zo ya duba. Ya bar aiki yana saje, ya dawo Sabon Birni ya kama gonar geron da ya gada, ya rufe bakinsa. Yayyena tsoronsa suke ji har yau da furfurarsu. Ni ce auta, ni kaɗai nake iya zama gabansa in yi ta zuba yana ji. Inna takan ce bakina ya riga ni zuwa duniya, kuma ban taɓa musa mata ba.

Lambobin yabonsa uku ne. Biyu na kowa da kowa ne, duk wanda ya daɗe cikin kaki ya samu irinsu. Ta ukun daban take, kuma ita ce ya dawo da ita daga Laberiya. Sau ɗaya a shekara yakan maƙala su a ƙirji, ya shiga motar Sakkwato, ya je faretin tunawa da 'yan mazan jiya. Idan ya dawo sai ya yi kwanaki yana fara'a, har jikoki su samu damar hawa kansa.

Abin da ya faru a waccan shekarar ban gani da idona ba. Wani tsohon soja ɗan Unguwar Lalle da suke tafiya tare shi ya ba mu labari. Ashe an fara samun masu sayen lamba a kasuwa suna shiga sahu, don haka ƙungiyar tsoffin sojoji ta ce kowa ya zo da littafinsa na sallama, abin da ke rubuce a ciki shi kaɗai za ka sa. Mai dubawa ya buɗe littafin Baba, ya kalli ƙirjinsa, ya sake kallon littafi. Bai yi rashin ladabi ba, in ji mai ba mu labari. Cewa kawai ya yi wannan ta ukun ba ta ciki. Baba ya sa hannu ya ɓalle ta a gaban sahu, ya jefa aljihu, ya tsaya aka yi fareti aka gama.

Labarin ya riga shi isowa gida. A majalisarsu ta bakin masallaci, wani mai tsawon baki ya tarbe shi da cewa, "Saje, nawa aka sai da irinta kasuwar Illela?" Aka yi dariya. Wasa ne, na yarda wasa ne, amma daga ranar Baba ya daina zama a wurin. Mutumin da ake kira ya raba gardamar iyakar gona saboda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ne yanzu yake sallame salla ya zari takalmansa ya wuce gida. Da shekara ta zagayo ya ce gwiwarsa ba za ta bar shi ya je Sakkwato ba. Gwiwar nan kuwa kullum tana kai shi gona ta dawo da shi.

Ni a lokacin ina aure a Isa, ina koyarwa a firamare. Na zo gida wata Juma'a na tarar da shi a zaure shi kaɗai, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Inna ta ja ni ɗaki ta faɗa mini komai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fito na ce ya ba ni littafin nan in gani. Ya ɗauko mini ba musu. A gurbin lambobi an rubuta biyu, sannan aka ja layi aka rufe.

Na ce, "Baba, ƙaƙa anka yi haka? Ba ka duba ba ran da anka ba ka?"

Ya ce, "Na duba. Har akawun yat tambaye ni ko akwai wadda ba a sa ba."

"To mi kac ce mai?"

"Nic ce babu."

Na riƙe baki. Ya gyara zama, kamar mai koya wa yaro karatu, ya ce, "Ni in buɗe bakina in ce ma mutum an yaba mani? Waɗanda sunka ba ni sun san sun ba ni. Yabon kai jahilci na."

Na ce, "To ga shi nan, kunyar taka ta sa 'yan bakin masallaci sun maishe ka maƙaryaci." Inna ta daka mini tsawa daga tsakar gida. Shi kuwa ya dube ni kawai, ya ce in akwai abin da zan iya yi, in yi.

Sati na gaba na shiga Sakkwato na nemi sakataren ƙungiyar, wani tsohon samanja mai jin magana da kunne ɗaya. Na yi tsammanin yawo da hankali, har na shirya faɗa tun daga mota, sai na tarar da mutumin kirki. Ya ce abin yana gyaruwa, ba a kan Baba aka fara ba. A rubuta takardar roƙo, mai lambar ya bayyana inda aka ba shi da abin da ya yi aka ba shi. Sannan a samo wanda yake wurin, ya je kotu ya yi rantsuwa a rubuce. Su kuma za su aika can Kudu inda ake ajiye tsoffin takardun soja, a bincika. Ya ce, "In akwai ta, ɗiyata, za a ishe ta. Soja ba shi yar da takarda, ajiya dai shika yi shi manta."

Na dawo da murnata, na zauna gaban Baba da biro da takarda.

"Baba, mi kay yi anka ba ka ita?"

"Aiki."

"Wane aiki?"

"Wanda anka sa ni."

Haka muka yi ta yi. In zo daga Isa, in zauna, in tashi da farar takarda. Hanyar Isa zuwa Sabon Birni kuwa a shekarun nan ba hanyar da ake bi don nishaɗi ba ce. Sai an jira motoci sun taru, a tafi da rana tsaka, kowa yana addu'a a cikinsa. Gidanmu ma cike yake da dangin Inna da suka baro Gatawa saboda 'yan bindiga. Maigidana ya fara cewa wannan lamba ko ta zinariya ce sai haka. Na yi lallashi, na yi fushi, har kuka na yi masa na gangan irin na auta. Ya ce in share hawayena in ci tuwo.

Ranar da na ce na haƙura, Inna tana tsinke zogale a inuwa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke da ba ki rasa dabara. Ki nemo Bayaraben nan mana. Ai tare sunka tahi Laberiya."

Bayaraben nan kowa a gidanmu ya san shi. Yana sayar da kayan gyaran babur a Sakkwato tun kafin in yi wayo, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, Hausarsa ta Sakkwato ce sak amma da karin garinsu. Mu Gobirawa ne, Bagobiri da Bayarabe kuwa taubasai ne tun kaka da kakanni, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Muna yara idan ya zo, tun daga ƙofa yake ihu, "Ina bawana?" Ya cire wa Baba hula ya ɗora a kansa, ya haye buzun sallarsa, ya nuna zanen fuskar Baba ya ce mu gaya masa gaskiya wace kyanwa ce ta yi masa wannan aiki. Baban da ba a iya haɗa ido da shi sai ka ga yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa a ɓoye barkono da manja, ɓarawonsu ya iso. Ni duk a zatona iyakar abin da ke tsakaninsu ke nan.

Na kira shi a waya na yi masa bayani. Ya ce, "Cire mai anka yi? Gaban mutane?" Na ce e. Ya ce, "Kawo shi. Ko da rarrahe za ni zo."

Muka haɗu a kotu da hantsi, a ofishin magatakarda mai ɗaukar rantsuwa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, benci ɗaya, fanka tana juyawa ba iska. Aka zaunar da tsofaffin biyu kafaɗa da kafaɗa. Magatakarda ya rantsar da Bayarabe, ya ɗauki biro, ya ce ya faɗi abin da ya sani game da wannan mutum da lambarsa.

Bayarabe ya juya ya kalli Baba sama da ƙasa, ya ce, "Rubuta. Wanga bawana na. Ragon soja, ba a yi rago irinai ba. In an busa ƙahon abinci shi na gaba, in an busa na aiki sai a ishe shi bayan mota."

Baba ya ce, "Malam, kak ka rubuta. Tun da anka halicci Bayarabe bai taɓa hwaɗin gaskiya da sahe ba."

Magatakarda ya yi dariya har ya ajiye biro. Da ganinsa ya san wasan. Ya ce to, an gaisa, yanzu a yi abin da ya kawo mu. Bayarabe ya yi gyaran murya, ya ce, "Muna Laberiya, damina ta…" sai idonsa ya faɗa kan Baba, nan take bakinsa ya karkace. "Wanga da kaka gani, ran da yaf fara ganin teku cewa yay yi wa yab bar rijiya buɗe." Baba ya rama. Aka sake, aka kuma. Mutane suna jira a waje, magatakarda ya fara duban agogo.

Ni kuwa zuciyata a kusa take. Na ce, "Haba Baba! Haba Alhaji! Kotu hwa muke! Na biyo hanyag ga da raina a hannu don ku zo ku yi wasan taubasai?" A lokacin ne na lura da Bayarabe. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ashe ba shashanci yake yi ba, kasawa ya yi. Mutanen nan tun suna samari ba wanda ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa kalma mai daɗi a gaban idonsa, kuma ba ranar nan za su fara ba don wani magatakarda ya ce a fara.

Baba ya riga ni ganewa. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, "Za ni in yi alwala." Ko kusa da azahar ba a yi ba. Na buɗe baki zan kira shi, magatakarda ya ɗaga mini biro alamar in bar shi. Ya fita, ya ja ƙofa.

Bayarabe ya daɗe yana kallon ƙofar. Da ya fara magana muryarsa ta zama wata daban, ba ihu, ba kari. Ya ce an yi musu kwanton ɓauna a bakin wani kogi, cikin daji mai duhun da ba mu da irinsa a nan. Harsashi ya same shi a cinya, ya faɗi cikin ciyawa. Sauran suka ja da baya suka haye ruwa, sai a can aka ga babu shi. Hafsansu ya ce a dakata wuta ta lafa. Baba bai dakata ba. Ya ajiye kayansa ya koma cikin kogin, ya haye, ya bi ciyawa da rarrafe yana laluba har ya same shi.

"Yac cire rigatai," in ji shi, "yaɗ ɗaure ni ga bayanai, kamar yadda mace taka goyon jariri. Munka shiga ruwa, ruwa har ga ƙirji, ana harbi. Jini na ta zuba, barci na ɗibata. Ya san in nir rufe ido shi ke nan. Sai yak kama zagina. Yac ce, bawa, in kam mutu bisa bayana, wallahi za ni gaya ma duniya tsoron ruwa yak kashe Bayarabe. Nic ce ƙarya kaka yi. Yac ce to buɗe ido ka rama. Haka munka yi ta yi har munka hita."

Ya ce ranar da kwamandansu ya maƙala wa Baba lambar a gaban bataliya, shi yana gefe a kan sanduna biyu, da idonsa ya gani. Sai ya sa hannu ya rufe fuska, tsoho da gemunsa, ya yi kuka sosai. Cikin kukan ya ce, "Dud ɗiyana bayan ranan nan anka haihe su. Shi za a ce ma ya sayi lamba kasuwa?"

Magatakarda yana rubutu bai ɗago ba, amma na ga ya tsaya ya goge tabarau. Na ji alfahari, na ji tausayi, na kuma ji haushin Baba da ya bar mu muka girma a gidansa ba mu san wannan ba. A lokacin da yake cikin kogin nan ina bayan Inna, ko tafiya ban fara ba.

Muka fito muka same shi a gindin dogon yaro, da butar aro a gefensa, ruwanta ko taɓa shi bai yi ba. Bayarabe ya riga ya wanke fuska. Tun daga nesa ya ɗaga sanda ya ce, "Na gaya musu komi! Na ce ko kaza ba ka iya kamawa!" Baba ya ce, "Na sani. Ai ƙarya gadonku ta." Bai kalli idon abokinsa ba, shi ma bai kalli nasa ba. Muka je muka ci abinci, suka yi ta gardama a kan yajin miya har muka rabu a tasha.

Takardar roƙon ni na rubuta ta daga abin da na ji. Na kawo masa na ce bari in karanta masa kafin ya sa hannu. Ya ce, "Kak ki karanta mani. Nuna mani wurin." Ya sa hannu, ya tura mini ita kamar mai zafi.

Daga nan sai jira. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi kai. Nakan kira samanja har na fara jin kunya, shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce, a ƙara haƙuri. Sai bayan an gama kai amfanin gona gida ya kira ni da kansa, yana ihu don shi ba ya jin kansa. An samu. Tana nan cikin tsoffin takardun bataliyarsu, da lambar Baba ta soja da komai, ba wanda ya kwafe ta zuwa littafinsa ne kawai.

Muka aika littafin aka gyara. Da ya dawo na yi mamakin ƙanƙantar abin. Layi ɗaya ne aka ƙara a ƙarƙashin biyun nan, da sa hannu da hatimi. Duk wannan sintiri a kan layin da bai kai tsawon yatsana ba. Na karanta masa a zaure. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, duk da bokonsa ba wani mai yawa ba ne, sannan ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa wa Inna ta adana. Bayan la'asar na leƙa na hango shi zaune a majalisar bakin masallaci. Bai tafi da littafin ba, bai kuma ce wa kowa komai ba. Labari ya riga ya zaga, don ni ban iya riƙe irin wannan ba. Mai tsawon bakin nan ya zo yana ta kame-kame, Baba ya matsa masa wuri a tabarma ya tambaye shi yadda wakensa ya yi bana.

Da ranar fareti ta zo na kwana a gida don in raka shi tasha. Ya fito da sassafe, lambobi uku a ƙirji, da kansa ya maƙala su. Muka bi ta cikin gari. Masu shayi suna ɗaga masa hannu, 'yan acaba suna cewa ranka ya daɗe Saje, kowa idonsa a kan ƙirjinsa. Ni ina biye da shi riƙe da jakarsa, kuma tunda nake ban taɓa tsayawa na kalli bayan mahaifina ba sai ranar. Ɗan siriri ne ashe, ya ɗan karkata gefe ɗaya, ƙasusuwan kafaɗa sun turo riga. Na yi ta auna Bayaraben nan da ƙibarsa a kan wannan baya, da ruwa har ƙirji, har na rage sauri ban sani ba.

Ya waiwayo ya ce, "Ke, mi kika kallo? Taho mu tahi, mota ba ta jiran kowa."

Na ce, "Ba komi, Baba." Na ɗaga ƙafa, amma ban yarda na jera da shi ba har muka isa tasha.